Inna, Autanki Ya Zo Mana da Kifin da Bai Ga Wuta Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rakiya, matar Malam Adamu masunci.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, irin wadda kika koya mini in yi a durƙushe, ina roƙon Allah Ya sa makwancinki ya fi shimfiɗar da kika bari laushi. Ni ce Hauwa, babbar 'yarki. Na san babu mai kai saƙo inda kike sai addu'a, amma akwai maganar da idan ban faɗa miki ba za ta tsaya mini a maƙogwaro. Na rubuta ta a fili inda kowa zai karanta, tunda abin da zan ba ki labari ma a fili aka yi shi, har da ɗaukar hoto.

Gida lafiya. Bahar, kogin nan namu, ya cika ya janye, an shuka albasa a bakin gaɓa. Baba yana nan da rai, sai dai ya zama rabin mutumin da kika sani. Tun da kika tafi abinci ba ya shiga bakinsa a cikin gida. Na gwada lallashi, na gwada fushi, na sa jikoki su zauna a gabansa, duk a banza. Wuri ɗaya ne kawai yake ci, wato wurin ciyayya, gindin darbejiyar ƙofar masallaci, inda dattawan unguwa suke haɗuwa bayan azahar kowa da siniyar gidansa, wato babban farantin da ake jera abinci a kai. A can, cikin gardama da tsokana, sai ya manta ba kya nan, hannu ya yi ta kai wa baki. Don haka ban taɓa bari siniyarsa ta makara ba. Ina dafawa a gidana, in rufe da faifanki, in kai masa har zaure.

Kin tuna yadda kike tsayawa a kaina idan ina zuba tuwo a wannan babban farantin? Ko na cika shi ya yi tozo sai kin ce, "Ƙara, Hauwa, ba ki san wa za shi ratso ba." A lokacin haushi nake ji, don ni ce mai tuƙi. Yanzu ina jin muryarki duk ranar da na ɗaga mara, kuma ina ƙarawa.

To, Inna, autanki ya zo. Bashiru, wanda na goya har bayana ya yi kanta, ya sauko daga ƙasar sanyi da gajeren wando, da gilashin rana, da gorar ruwa da ba ya rabuwa da ita kamar mai jinyar ƙoda. Motar da ta taso daga garin Sinnar ta ajiye shi a bakin titi. Bai damu da akwatin kayansa ba, ya bar wa mutane su ɗauko. Abin da ya rungumo a ƙirji shi ne wata 'yar akwatin sanyi, yana tafe yana kare ta daga rana kamar mai jego da jariri. Na ɗauka magani ne ya kawo wa Baba, har na ji daɗi a raina. Ashe kifi ne.

Kifi, Inna. Ya tsallako teku da sahara ya kawo kifi gidan masunci, garin da kare ma ya san ƙamshin tarwaɗa. Wai sunansa salamun, wai kuma banda ne. Da ya buɗe sai na ga wasu yanka-yanka sirara, jajaye, masu sheƙi, an liƙe su a leda, kai ka ce harshen ɗan akuya aka fere. Na tambaye shi yaushe za a dafa. Ya yi wata dariya ta hanci, ya ce ai a dafe yake, hayaƙin sanyi aka yi masa. Ni dai a iya rayuwata ban taɓa ganin hayaƙin da ba wuta a gindinsa ba, amma na miƙa masa ruwa, don baƙo ne kuma bai ko sha ba.

Gidan Baba babu firij, kin sani. Sai aka kai kifin shagon maƙwabci aka ajiye tare da lemun kwalba. Wutar lantarki kuwa tana nan yadda kika bar ta, ta zo ta gaishe mu ta koma. Duk sanda aka ɗauke sai ki ga Bashiru ya zabura ya nufi shago, ya dawo fuska a yamutse kamar wanda ya je dubiya. Kabarinki sau ɗaya ya je. Kifin kuwa ban san iyakar ziyarar da ya kai masa ba.

Kashegarin zuwansa ya ga siniyar Baba za ta fita. Tuwon dawa ne da miyar busasshiyar kuɓewa, ga kisra, wainar dawar nan mai fale-fale, a gefe, ga ɗan yaji. Ya ɗaga faifai, ya leƙa, ya riƙe baki. Wai mai ya yi yawa. Wai hannu goma a kwano ɗaya, ta nan cuta take yawo. Wai mai hawan jini ba ya cin irin wannan, kuma zama a ƙasa yana lalata gwiwa. Ni da nake raka Baba asibiti, ni da na rage gishiri tun ranar da likita ya faɗa har miyata ta zama abin tsokana a gindin darbejiya, ni ake karanta wa hawan jini. Ya ce daga yau shi zai riƙa haɗa wa Baba abincin rana, mai sauƙi, mai tsabta, a ci a ɗaki a kan tebur, cikin minti biyar an gama.

Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai Baba ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Bar shi, Hauwa. Yaro ya taho daga nesa da abinai, a bar shi shi gwada." Kin san Baba da autanki. Shekara da shekaru yana kallon hanya, yanzu da yaron ya zo ba zai ce masa a'a ba ko da guba ya kawo. Na mayar da siniyata gida, jikokinki suka yi bikinta.

Bari in ba ki labarin girkin, don kin cancanci ki yi dariya. Bashiru ya nemi wuri mai haske a tsakar gida, bai ga inda ya yi masa ba sai kan murhun bandarki. Murhun nan na laka da kika gina da hannunki, wanda ban bari an taɓa ba tun rasuwarki. Ya ɗora katako a kai, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jingina waya da gwangwani, ya gyara gashi. Sannan ya fara yi wa mutanen cikin wayar bayani da yaren can, yana nuna katangarmu da kajinmu kamar ya zo yawon buɗe ido.

Ya yanka burodi fale-fale. Ya shafa wani farin cuku mai laushi kamar man shafawa. Ya ɗauko kifin da yatsu biyu, ya kwantar da shi a hankali yana lanƙwasawa wai don ya yi kyau. Ya matsa lemun tsami, ya barbaɗa masoro, ya yayyanka wani ganye mai kama da ciyawar bakin rafi. Daga ƙarshe ya buɗe wata 'yar kwalba ya tsamo wasu ƙwayoyi kore-kore, waɗanda in da a ƙasa na gan su da na share na ce tumaki sun shigo. Ya rufe da wani burodin, ya yanka ta kusurwa, ya ɗaga wa waya, ya ɗaga yatsu biyar. Shi ke nan, wai an yi sandawish, an gama abincin rana. Ko tukunya ba a ɓata ba, ko ashana ba a ƙyasta ba, kuma yana alfahari da hakan.

Ina tsaye ina kallonsa sai na tuna ki a daidai wurin. Baba ya dawo daga ƙasan madatsar ruwa da kwando, ke kin riga kin jiƙa itacen bagaruwa don ya yi hayaƙi kada ya yi harshe. Ki feɗe tarwaɗa, ki wanke da toka, ki naɗe ta baki ya kama wutsiya, ki soke da tsinke, ki jera a kan ragar ƙarfe. Daga nan sai zaman jira da juyi, idonki yana hawaye, zanenki yana ƙamshin da ko sabulu ba ya fitarwa. Idan muka dame ki da tambayar ko ya yi, sai ki ce, "In ya yi, maƙwabta za su hwaɗa muku." Haka kuwa ake yi. Kafin ki sauke, an fara sallama a zaure.

Nasa kifin babu wanda ya yi wa sallama. Kyanwar gidan ma ta zo ta shinshina, ta dube shi, ta wuce abinta.

Aka kai wa Baba a ɗaki. An sa masa kujera da tebur, an kunna fanka, an ja ƙofa wai saboda ƙuda. Mutumin da ya shekara hamsin yana cin abinci cikin hayaniyar abokai, ga shi zaune shi da bango, da faranti ɗan mitsitsi a gabansa. Ya gutsura, ya tauna, ya ce madalla. Bashiru ya fito yana murmushi kamar ya ci jarrabawa, ya ce mini kin gani, tsofaffi ma suna son ci gaba, mu ne muke hana su.

Ni na shiga ɗaukar farantin. Gutsure ɗaya ne, Inna. Sauran Baba ya naɗe a hankici ya tura ƙarƙashin matashi, don kada yaron ya gani ya ji ba daɗi. Kashegari haka. Wanshekare ma haka. Da safe shayi kawai, da dare ya ce ya ƙoshi. Na kawo masa kunu a ɓoye, ya kurɓa ya ajiye. Idan azahar ta wuce, daga ɗakin ana jiyo dariyar dattawa a gindin darbejiya, sai in ga ya karkata kunne, sannan ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Masallaci ma ya koma yin salla a sahun baya ya sulale, don kada a tambaye shi ina siniyarsa. Jallabiyarsa ta fara yi masa yawa a kafaɗa. Tsoro ya kama ni sosai, don haka ya fara bayan rasuwarki, kuma da ƙyar muka dawo da shi.

Na sami Bashiru na gaya masa ubanmu yana ramewa a gaban idonsa. Ya ce jiki ne yake sabawa, nauyin banza ne yake sauka. Har ya ƙara da cewa zai koya mini haɗawa kafin ya koma, don in ci gaba, in huta da hayaƙi. Na dube shi daga sama har ƙasa. Yaron da na share wa majina da gefen zanena, wai shi zai koya mini ciyar da Baba da burodi mai sanyi. Na yanke a raina gobe siniyata za ta fita, ko da za a yi abin da za a yi.

Ashe dattawa sun riga ni. Kin san al'adarsu, autanki ne dai ya manta. Idan mutum ya ɓace daga ciyayya ba a aika masa da tambaya. Ciyayyar ce take tashi ta same shi. A ranar, tun ba a kai goben ba, bayan an sallame azahar, sai muka ji sallama a zaure, murya bisa murya. Baffa Abakar ne a gaba, aminin Baba tun suna tuƙa jirgi ɗaya, yana dogara sanda. Bayansa sauran dattawa, kowa da siniyar gidansa. Ba su nemi izinin kowa ba. Suka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, suka jera abinci, suka zauna suna jiran mai gida.

Ina daga madafa ina leƙe. Ciyayya ta zo gidanki, Inna, kuma gidanki ne kaɗai ba shi da siniya. Tukunyata tana can gidana ko ɗorawa ban yi ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji na autanki ba.

Sai ga Baba ya fito daga ɗaki, yana riƙe da ɗan farantin nan da hannu biyu. Ya taka a hankali har tsakiyar tabarma, ya ajiye shi tsakanin manyan siniyoyi kamar yadda ake ajiye abincin kirki. Baffa Abakar ya ɗaga burodin sama, ya leƙa, ya kai hanci, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Adamu, wanga kihi bai ga wuta ba. Ko murhun Rakiya ya bi ta kushewa?"

Babu wanda ya yi dariya. Ni kuwa maganar ta soke ni har ƙashi. Baba ya jawo farantin gabansa. Ya sa hannu ya yi ta gutsuttsura sandawish ɗin ƙanana-ƙanana, yana ajiye wa kowa a gabansa, har sai da kowane hannu ya samu. Ya ce ɗansa ne ya kawo daga nesa, a sa albarka. Suka yi bisimilla suka haɗiye, wasu da rufe ido. Wani ya bi da ruwa da sauri. Suka ce Allah Ya yi wa yaro albarka, sannan aka buɗe faifai aka shiga abinci na gaskiya.

Ina Bashiru duk wannan lokacin? Yana jingine da murhunki, a tsaye, nasa sandawish ɗin a hannun dama, waya a hagu, yana ci yana latsawa. Ko ɗaga kai bai yi ba. Ba wai rashin kunya yake yi da gangan ba, Inna, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Bai ma san akwai abin kunya a wurin ba.

Baba ya kai loma baki sai idonsa ya faɗa kan Bashiru. Ya mayar da lomar. Ya daɗe yana kallonsa, har dattawa suka bi idonsa da kallo. Na ce yau dai za a yi ta, yau Baba zai faɗa masa abin da ya kamata tun ranar farko, har na gyara tsayuwa don kada kalma ɗaya ta wuce ni. Amma da ya yi magana, muryarsa a ƙasa take.

"Bashiru, can inda kake, haka kaka ci? Tsaye?"

Ya ce e, ai kowa haka yake yi, ba lokaci.

"Da wa kaka ci?"

Ya ɗan yi dariya, ya ce shi kaɗai mana, wani lokaci a cikin mota, wani lokaci a bakin taga. Ya faɗe shi kamar ba komai ba. Baba ya sake tambaya ko tun tafiyarsa haka ne. Ya ce tun tafiyarsa. Daga nan dariyar ta bar fuskarsa, don ya ga yadda dattawa suke kallonsa, irin kallon da ake yi wa maraya.

Na ga hawaye a gemun Baba, Inna. Ranar jana'izarki ma a ɓoye ya yi nasa. Ya matsa gefe, ya buɗe wuri tsakaninsa da Baffa Abakar, ya daki tabarma da tafin hannu, ya ce, "Taho ka zamna."

Ya zo. Gwiwoyin da yake yi wa mutane wa'azi a kansu suka ƙi lanƙwasuwa, sai da aka yi masa dariya kafin ya zauna. Wani ya karɓe wayar ya kife ta a ƙarƙashin faifai. Aka zuba masa ruwa ya wanke hannu. Lomar farko ya yi ta da yanga, da yatsu uku. Ta biyu babu yanga. Daga nan sai ya sunkuyar da kai ya yi ta ci kamar wanda aka sako daga kurkuku, miya har gwiwar hannu, mai ƙyamar hannu goma a kwano ɗaya ya zama na goma sha ɗaya. Baba yana tura masa nama gabansa, yana kallonsa, kuma garin kallon shi ma ya ci. Ya ci sosai. Ina ƙirga lomarsa daga madafa har na bari don kada bakina ya kama shi.

Kada ki ɗauka na sauko, ban sauko ba. Har yanzu ina ganin wauta ce mutum ya ɗauko kifi mai sanyi ya kawo bakin Bahar, kuma har yanzu idan na tuna farin ƙyallen nan a kan murhunki raina yana ɓaci. Amma na kwana ina tunanin yaron da ba ya iya cin tuwo sai a cinyarki, yana tsaye a bakin taga a garin da ba wanda zai yi masa sallama. Ashe abin da ya kawo mana da fahariya, shi ne iyakar abin da yake da shi.

Da gari ya waye na yaye ƙyallen, na jefar da katakon, na share tokar da ta kwana tun zamaninki. Na aika bakin ruwa aka kawo tarwaɗa. Na jiƙa bagaruwa, na hura wuta. Hannuna bai kai naki ba, gefe ɗaya ya ɗan ƙone, amma kafin in sauke an yi sallama a zaure. Siniyar Baba ta fita gindin darbejiya da miyar banda, kuma autanki ne ya ɗauke ta a ka, da jallabiyar aro. An ce Baffa Abakar ya ɗanɗana ya ce to, yanzu Rakiya ta dawo unguwa. Ragowar salamun ɗin kuwa wuta ta ɗauke masa yini guda, mai shago ya aiko a zo a kwashe kafin ya kori masu ciniki. Ba wanda ya yi zaman makoki.

Jibi autanki zai koma. Ɗazu ya same ni a madafa yana sosa ƙeya, wai ko zan ɗaure masa ɗan banda, idan masu binciken kaya sun bari ya wuce da shi. Na ɗauko kwali na fara jerawa. Da ya ga na wuce rabi sai ya riƙe mini hannu, ya ce ya isa, Yaya, ni kaɗai ne, wa zai cinye wannan? Ban san sanda bakina ya buɗe ba. Na ce masa, "Sake ni in ƙara, ba ka san wa za shi ratso ba." Ya sake ni. Ya juya ya fuskanci bango, ni ma na ci gaba da jerawa, ba wanda ya dubi wani.

Inna, Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki. Yadda kika ciyar da wanda kika sani da wanda ba ki sani ba, Allah Ya ciyar da ke daga 'ya'yan itacen Aljanna. Allah Ya ƙara wa Baba kwana da lafiya, Ya bar shi cikin abokansa. Shi kuma wannan sakaran autan naki, Allah Ya ba shi wanda zai ce masa zauna mu ci. Amin.

'Yarki mai kewarki kullum azahar,
Hauwa.